Indiyawa da lambar Nobel: su nawa ne, kuma a kan wane aiki aka ba su?

In ka tambayi mutum uku adadin Indiyawan da suka taɓa cin lambar yabo ta Nobel, kana iya samun amsa uku: biyar, tara, ko sama da goma. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Bambancin yana cikin abin da kowa yake nufi da "ɗan Indiya". Waɗanda ke riƙe da takardar zama ɗan ƙasar a ranar da aka ba su lambar su biyar ne: Rabindranath Tagore a adabi, 1913, C.V. Raman a fiziks, 1930. Uwa Teresa a zaman lafiya, 1979. Amartya Sen a tattalin arziki, 1998. Sai Kailash Satyarthi a zaman lafiya, 2014. Akwai wasu huɗu da aka haifa a can, suka yi karatunsu na farko a can, amma lambar ta same su da fasfon wata ƙasa: Har Gobind Khorana, 1968, Subrahmanyan Chandrasekhar, 1983, Venkatraman Ramakrishnan, 2009, da Abhijit Banerjee, 2019. Tara ke nan. Mai son ƙara yawa sai ya jawo Turawa biyu da aka haifa a Indiya zamanin mulkin Birtaniya, Ronald Ross da Rudyard Kipling, ya haɗa da V.S. Naipaul, wanda a tsibirin Tirinidad aka haife shi, kakanninsa ne Indiyawa, wani lokacin har da Dalai Lama da ke zaman gudun hijira a Dharamsala tun bayan barinsa Tibet a 1959.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne taswirar kanta ta sauya. Chandrasekhar a Lahore aka haife shi, Khorana kuma a wani ƙauye mai suna Raipur a yankin Punjab, kuma duka biyun yau cikin Pakistan suke. Abdus Salam, da ya ci lambar fiziks a 1979, shi ma a Indiyar Turawa aka haife shi a 1926, amma ba mai ƙirga shi sai a ɗan Pakistan. Sannan dokar Indiya ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. Duk wanda ya karɓi fasfon Amurka ya ajiye na gida ke nan, sai dai a ba shi katin da ke nuna asalinsa ɗan ƙasar ne.

Kafin a shiga aikin kowa, ya kamata a san yadda ake bayar da lambar, domin dokokinta ne ke bayyana wanda ya samu da wanda aka tsallake. Ba a neman ta da takarda, wani ne zai gabatar da sunanka, kuma ba kowa ke da wannan ikon ba: farfesoshin da aka gayyata, waɗanda suka taɓa cin lambar, a ɓangaren zaman lafiya kuma har da 'yan majalisun ƙasashe. Ana rufe karɓar sunaye ƙarshen Janairu, a sanar a Oktoba, a yi bikin ranar 10 ga Disamba, ranar da Alfred Nobel ya mutu. Ba a raba lamba ɗaya wa fiye da mutum uku. Ba a ba mamaci, kuma tun 1974 aka rubuta hakan ƙarara, sai dai in mutum ya rasu bayan an sanar. Sunayen da aka gabatar kuwa sirri ne na shekara 50. Ta zaman lafiya kwamitin mutum biyar da majalisar Norway ke naɗawa ne ke yanke ta a Oslo, sauran a Suwidin. Ta tattalin arziki ma ba ta cikin wasiyyar Nobel, babban bankin Suwidin ne ya ƙirƙiro ta a 1968, aka fara bayarwa a 1969.

Tagore da Bengali yake rubutu, kuma ba Bengalin 'yan kwamitin suka karanta ba. Shi da kansa ya juya waƙoƙinsa 103 zuwa Turanci, aka buga su a Landan a 1912 da sunan Gitanjali, mawaƙin Ayalan W.B. Yeats ya rubuta musu gabatarwa. Wani marubucin Ingila, Thomas Sturge Moore, ya aika sunansa Suwidin, shekara ta zagayo ya zama mutum na farko daga wajen Turai da ya ci lambar adabi. Littafin Turancin ba shi ne na Bengali mai wannan suna ba, kusan rabinsa an tsinto ne daga wasu littattafansa. Wato abin da aka auna shi ne ɗan abin da ya tsallaka zuwa harshen da alƙalan ke ji. Yau shekara sama da ɗari, Indiya da ke da harsuna 22 a jerin tsarin mulkinta, kowanne da tarin adabi, ba ta sake samun lambar adabin ba. Ba rashin marubuta ba ne, rashin masu fassara da masu bugawa a Turai ne ya fi taka rawa. An ga alamar haka lokacin da lambar Booker ta duniya, wadda ke raba fam 50,000 daidai tsakanin marubuci da mai fassara, ta je wa Geetanjali Shree mai rubutu da Hindi a 2022, ta kuma je wa Banu Mushtaq mai rubutu da Kannada a 2025. Tagore dai ya zuba kuɗinsa a makarantarsa ta Santiniketan, a 1919 kuma ya mayar wa Birtaniya sarautar girmamawar da ta ba shi, bayan sojojinta sun buɗe wa taron jama'a wuta a Amritsar.

Labarin Raman shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi kaɗai ne ɗan ƙasar da ya yi aikin kimiyyar a ƙasar, da kayan aikin da ke can, har ya ci lambar. Ma'aikacin sashen kuɗi na gwamnati ne da farko, yana duba lissafi da rana, in an tashi aiki ya wuce ɗakin gwaji na wata ƙungiyar masu sha'awar kimiyya a Kalkata. Abin da ya gano ranar 28 ga Fabrairun 1928, tare da abokin aikinsa K.S. Krishnan, ga yadda yake. Ana harba haske mai launi guda cikin ruwan sinadari garai-garai, sai a leƙa daga gefe a ga hasken da ya watsu. Kusan dukkansa da launin da ya shiga yake fita. Amma wani ɗan mitsitsi, ƙasa da ɗaya cikin miliyan, launinsa ya ɗan goce, saboda ya yi musayar ƙarfi da motsin ƙwayoyin sinadarin. Girman gocewar ya danganta da irin sinadarin, ta yadda kowane abu yana da nasa zane kamar zanen yatsa. Wahalar gwajin biyu ce. Hasken ya yi rauni sosai, sai da suka tara hasken rana da madubin hangen nesa, daga baya suka koma fitilar makuri. Sannan in akwai ɗan datti a ruwan, shi ma yana yin nasa ƙyalli ya rufe abin da ake nema, shi ya sa sai da suka tace ruwan sau da sau, suka gwada iri kusan 60 kafin su tabbatar ba datti ke ruɗinsu ba.

Wasu Rashawa biyu, Landsberg da Mandelstam, sun ga wannan abu a dutsen ƙarau a Mosko kusan a kwanakin nan, amma Raman ya riga su bugawa, kuma ya tura takardunsa ga manyan masana Turai ba tare da jinkiri ba. Shi kaɗai aka ba lambar, Krishnan ma bai shiga ba. Amfanin binciken bai tsaya a littafi ba. Na'urar hannu ta TruScan da hukumar NAFDAC ta yi amfani da ita wajen gane jabun magunguna a Najeriya, da wannan dabara take aiki: a haska ƙwayar magani, a kwatanta zanen da ya fito da na maganin gaskiya.

Tun daga 1930 ɗin nan, ba a sake ba wani ɗan ƙasar Indiya lambar kimiyya ba. Ukun da suka biyo baya duk a waje suka yi aikin. Chandrasekhar ɗan ɗan'uwan Raman ne. Yana da shekara 19, cikin jirgin ruwa a hanyarsa ta zuwa Ingila a 1930, ya lissafa cewa tauraron da makamashinsa ya ƙare ba zai iya tsayawa a matsayin ɗan ƙaramin farin tauraro ba muddin nauyin da ya rage masa ya wuce wata iyaka, wadda ta kama kusan ninki 1.4 na nauyin rana. In ya wuce haka, sai ya ci gaba da ruftawa cikin kansa. A Janairun 1935, a gaban taron masana taurari a Landan, Arthur Eddington, wanda shi ne babba a fannin a lokacin, ya tashi ya mayar da lissafin abin dariya. Yaron ne ke da gaskiya, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo ba ta yi aiki a nan ba, girma ne ya yi magana. Chandrasekhar ya koma Jami'ar Shikago a 1937, ya zama ɗan Amurka a 1953, lambar kuma ba ta zo ba sai 1983, shekara 53 bayan tafiyar jirgin. Wannan jinkiri ba baƙon abu ba ne a fiziks, kwamitin ba ya gaggawar karrama lissafi sai an ga shaidarsa a zahiri.

Khorana ya gama digirin digirgir a Libaful a 1948, bai samu aikin da ya dace da shi a gida ba, ya bi ta Kambirij da Bankuba ta Kanada har ya sauka a Jami'ar Wisconsin a 1960. Aikinsa shi ne karanta rubutun da ke cikin ƙwayar halitta. Haruffa huɗu ne, ana karanta su uku-uku, abin da ke ba da kalmomi 64, su kuma suna nuni ga tubala 20 da ake gina furotin da su. Dabararsa ita ce ya ƙera zaren haruffan da hannunsa, misali ya jera haruffa biyu suna ta maimaituwa, ya ga waɗanne tubala biyu ne za su fito bi da bi. Da haka aka cike teburin. Ramakrishnan kuwa fiziks ya karanta har digirin digirgir a Amurka kafin ya sauya sheƙa zuwa ilimin halittu, kuma a Kambirij ya fitar da cikakken hoton ƙaramin ɓangaren ribozom a shekarar 2000. Ribozom shi ne injin da ke karanta wancan rubutu ya ƙera furotin. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da yawa, irin su tetirasaikilin, wannan inji suke toshewa a jikin bakteriya, saboda haka ganin surarsa ya nuna inda maganin ke kamawa da yadda cutar ke kuɓucewa.

Dalilin da ya sa irin wannan aiki ke tafiya waje ba ɓoyayye ba ne. Raman ya yi nasa da madubi da fitila. Hoton ribozom kuwa yana buƙatar manyan injunan haske da ƙasashe ƙalilan ke da su, da kuɗin da za a zuba shekara da shekaru ba a ga sakamako ba. Abin da Indiya ke kashewa a bincike har yanzu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara ba. Makarantunta suna yaye hazikai, wannan ba gardama. Kwalejin Presidency ta Madras ta yaye Raman da Chandrasekhar, takwararta ta Kalkata ta yaye Sen da Banerjee. Shuka a gida take, girbin ne ke faruwa a gonar wasu.

A tattalin arziki lamarin ya ɗan bambanta, domin ko da mutanen suna zaune a waje, Indiya ce abin nazarinsu. Amartya Sen, wanda Tagore ne ya raɗa masa suna a Santiniketan, yana ɗan shekara tara ya ga yunwar Bengal ta 1943, wadda ta ci mutane tsakanin miliyan biyu zuwa uku. A littafinsa na 1981 kan talauci da yunwa, ya lissafa ya nuna cewa abincin da ke yankin a 1943 ya fi na 1941, shekarar da ba a yi yunwa ba. Abin da ya faru shi ne kashe kuɗin yaƙi ya ninka farashin shinkafa, aka fifita ciyar da Kalkata da sojoji, ladan 'yan ƙwadago da masunta da wanzamai kuwa bai motsa ba. Hatsi na kasuwa, hannu ne bai kai gare shi. Wasu masana sun yi jayayya da alƙalumansa na girbin shekarar, amma tambayar da ya kafa ta zauna: kada a tsaya ga buhu nawa ke ƙasa, a duba wa ke iya saye. Littafin yana da babi guda kan farin Sahel na farkon shekarun 1970, wanda ya haɗa da Nijar, kuma duk wanda ya san kasuwar dabbobi zai gane bayanin nan take. Makiyayi yana sayar da saniya a wulaƙance saboda kowa na sayarwa, a daidai lokacin da tiyar gero ke hawa, sai asara ta same shi ta fuska biyu. Sen bai taɓa ajiye fasfonsa na Indiya ba, ko da yake shugaban kwalejin Trinity ne a Kambirij lokacin da aka ba shi lambar.

Banerjee, da matarsa Esther Duflo da Michael Kremer, an karrama su ne kan ɗauko hanyar gwajin magani su kawo ta cikin yaƙi da talauci: a raba ƙauyuka ta ƙuri'a, a yi wa wasu abu, a bar wasu, a auna bambanci. Gwajin rigakafi da Banerjee da Duflo da abokan aikinsu suka yi a yankin Udaipur na jihar Rajasthan misali ne mai kyau. Ƙauyuka 134 aka ɗauka. Inda ba a yi komai ba, kashi 6 cikin ɗari na yara ne suka kammala allurai. Inda aka tabbatar ma'aikacin lafiya yana zuwa kowane wata ba fashi, aka samu kashi 18. Inda aka ƙara da kilo ɗaya na waken Indiya a kowace allura, da saitin faranti in an kammala, aka kai kashi 39. Abin mamakin shi ne kuɗin yi wa kowane yaro cikakken rigakafi ya fi sauƙi a inda ake rabon waken, domin albashin ma'aikacin ɗaya ne ko yara biyar suka zo ko hamsin. Hanyar tana da masu suka, kuma sukan yana da tushe: abin da ya yi aiki a Rajasthan ba dole ya yi a wani wuri ba, sannan gwajin ƙauye ba ya amsa manyan tambayoyi irin na darajar kuɗi ko masana'antu.

Ta zaman lafiya ita ce ta fi kowace jawo magana. Uwa Teresa 'yar ƙabilar Albaniya ce, an haife ta a Skopje a 1910, ta isa Indiya a 1929, ta kafa ƙungiyarta ta kula da marasa galihu a Kalkata a 1950. Ta roƙi a soke liyafar bikin a ba talakawa kuɗin. Likitoci da 'yan jarida sun soki yadda ake jinya a gidajenta, musamman ƙarancin maganin rage zafi, amma wannan bai taɓa lambar ba, domin Nobel ba a janye ta. Satyarthi injiniyan lantarki ne da ya bar aikin ya kafa ƙungiyar ceto yara a 1980. Suna kai samame tare da 'yan sanda a masaƙun darduma da wuraren fasa dutse da ƙona bulo, inda yara ke aikin biyan bashin iyayensu, kuma bisa ƙidayar ƙungiyar sun fitar da yara sama da 80,000 kafin 2014. Ya gane samame kaɗai ba ya isa, mai masaƙa zai kawo wasu yaran gobe, sai ya bi ta kasuwa: tambarin da ake liƙa wa darduma bayan masu dubawa sun shiga masaƙar ba sanarwa, mai saye a Jamus ko Amurka ya nemi mai tambarin. Tattakin duniya da ya jagoranta a 1998 ya taimaka wajen samar da yarjejeniya ta 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta mafi munin ayyukan bautar da yara, a 1999. Haɗa shi da Malala Yousafzai a lamba ɗaya da gangan aka yi, kwamitin da kansa ya ambaci cewa Bahindu ne da Musulma, ɗan Indiya da 'yar Pakistan.

Sai babban giɓin. An gabatar da sunan Mahatma Gandhi a 1937, 1938, 1939, 1947 da 1948, ba a ba shi ba. An harbe shi ranar 30 ga Janairun 1948, ana gab da rufe karɓar sunaye, a wannan shekara kuma kwamitin bai ba kowa ba, ya ce babu rayayyen da ya dace. Daga baya manyan jami'an kwamitin sun amsa a fili cewa wannan ne kuskurensu mafi girma. A kimiyya ma akwai irinsa. Satyendra Nath Bose ya aika wa Einstein takardarsa daga Daka a 1924, Einstein ya fassara ta zuwa Jamusanci ya sa aka buga, har yau rukunin ƙwayoyin da ake kira boson sunansa suke ɗauke da shi, an kuma ba mutane da dama Nobel kan ayyukan da suka tsiro daga nan, shi bai samu ba.

Nobel ba ta da ɓangaren lissafi, ga shi kuwa nan ne ƙarfin Indiya ya daɗe. Lambar Abel ta Norway ta je wa Srinivasa Varadhan, haifaffen Madras, a 2007, yana koyarwa a New York. Lambar Fields, da ake bayarwa duk shekara huɗu ga waɗanda ba su kai 40 ba, ta je wa Manjul Bhargava a 2014, wanda a Kanada aka haife shi, da Akshay Venkatesh a 2018, haifaffen Delhi da ya tashi a Ostireliya. Tsarin dai bai sauya ba. Inda aka ga aikin gida ya ci lambar waje shi ne noma: M.S. Swaminathan ne ya fara karɓar lambar abinci ta duniya a 1987 kan irin alkama da shinkafa masu yawan yabanya, Verghese Kurien kuma ya karɓa a 1989 kan ƙungiyoyin haɗin kan masu nono da suka faro daga garin Anand. A ɓangaren hidimar addini, Shaihin malamin Lucknow, Abul Hasan Ali Nadwi, ya karɓi lambar Sarki Faisal a 1980, shekara bakwai kafin Sheikh Abubakar Gumi.

Zinaren da Tagore ya karɓa ba ya Santiniketan yanzu. A Maris na 2004 ɓarayi suka shiga gidan tarihin jami'ar suka ɗauke shi tare da wasu kayansa, ba a gano shi ba, sai kwafi Suwidin ta aiko. A Fabrairun 2017 aka fasa gidan Satyarthi a Delhi, amma abin da ɓarayin suka ɗauka kwafi ne, 'yan sanda kuma suka ƙwato shi cikin 'yan kwanaki. Na asalin tuni ya miƙa shi fadar shugaban ƙasa.